Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Abin Da Ke Sauyawa A Farar Ƙwayar Jini Idan Ta Girma

Wata Laraba da hantsi, a ƙarshen damina, wata tsohuwa ta shigo da jikanta ɗakin gwajin jinin da nake aiki, a wani ƙaramin asibiti da ke karkarar Jigawa. Yaron bai wuce shekara tara ba. Wata biyu ke nan zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, an ba shi maganin cizon sauro har sau uku, dasashinsa yana tsattsafo da jini, ga wani ƙurji a ƙwaurinsa da ya ƙi nuna ya kuma ƙi warkewa. Na ɗebi jini na ƙirga. Lafiyayyen mutum yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 da 11,000 a maikrolita ɗaya, wato ɗigon jinin da bai fi kan allura ba. Na wannan yaro sun haura 80,000.

Bayan likita ya gama yi mata bayani, ya rubuta musu takardar zuwa asibitin koyarwa a Kano, sai ta dawo ta tsaya bakin tagata.

"Malam, ni fa a rediyo na ji ana cewa fararen nan su ne sojojin jiki. To tunda nasa sun yi yawa haka, yaya aka yi ciwo ya fi ƙarfinsa?"

"Iya, yawan kam akwai shi," na ce mata. "Sai dai duk ƙananan yara ne. Babu wanda ya isa fita yaƙi a cikinsu."

Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya ba shi lafiya, na ce amin. Amsar da na ba ta gaskiya ce, domin da na shafa jinin a gilashi na rina shi na sa a maikroskof, abin da na gani shi ne manyan ƙwayoyi masu kama da juna, kowacce da ƙatuwar cibiya, wato dunƙulen da ke tsakiyar ƙwaya, zagayayya da ta cika ta, ɗanyu shar. Amma tambayar ba ta bar ni ba. Mene ne "isa" a wurin ƙwayar da ido ba ya gani? Abin da nake son in nuna a nan shi ne, babban ɓangare na girman farar ƙwaya yana jikin bangonta ne, a ƙofofin da gishiri da tsami ke shiga suna fita, da kuma wanda ke da ikon ba ƙofofin nan umarni.

Duk ƙwayoyin jini, ja da fari, daga ɓargo suke fitowa, kuma uwarsu ɗaya. Ita uwar ba ta da sana'a, haihuwa kawai take yi. 'Ya'yanta ne ke rarrabewa, kowa ya kama tafarkinsa: wannan ta zama jar ƙwaya mai dakon iskar oksijin, waccan ta zama nutrofil, wata monosait, wata limfosait. Nutrofil ita ce mafi yawa a cikin farare, takan kai rabi ko fiye, kuma ɓargon baligi yana fitar da kusan biliyan 100 nata a kowace rana. Tana ɗaukar kusan mako biyu tana girma a ɓargo. Mu masu kallon gilashi da cibiya muke gane shekarunta: da fari zagayayya, sai ta loɓa ta yi kamar ƙoda, sai ta lanƙwashe kamar lauje, a ƙarshe ta kakkarye gaɓa-gaɓa kamar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya uku. Wannan shi ne abin da rini ke nunawa. Abin da ba ya nunawa shi ne aikin da ake yi a bango cikin waɗannan kwanaki.

Idan ka zuba gishiri a ruwa ya narke, rabuwa ya yi gida biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne da ɗan cajin lantarkinsa, na farko fositif, na biyu negetif. Irin waɗannan ɓurɓushi masu caji su ake kira ayon. Bangon ƙwaya na maiƙo ne, ayon ba ya iya ratsa shi sai ta wata hanya da aka gina musamman da furotin. Saboda haka abin da ke ciki daban, abin da ke waje daban. A ruwan jini sodiyam ya kai milimol 140 a lita, fotasiyam kuwa 4 zuwa 5. A cikin ƙwaya abin ya juye: fotasiyam ne wajen 140, sodiyam bai fi 10 zuwa 15 ba. Kalsiyam ya fi kowa tazara, domin na waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000.

Duk wanda ya yi noman rani, a Auyo ne ko a Kura da Bunkure inda ruwan Tiga ke bi, ya san hanyoyin da ruwa ke motsawa. Akwai injin ban-ruwa, wanda ke shan fetur ya ɗaga ruwa daga ƙasa zuwa tudu. A jikin ƙwaya shi ne famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou ɗan ƙasar Denmak ya gano a 1957: kowane bugu yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, kuma yana cin kaso mai tsoka na makamashin ƙwayar. Akwai kuma ƙofar kanal, wadda ba ta cin mai, ɗaga ta kawai za ka yi ruwa ya gangara da kansa. Na ukun shi ne ya fi shafar maganarmu, kuma ya fi kama da jigon da kakanninmu ke ban-ruwa da shi a fadama: dunƙulen laka a can ƙarshen sanda yana yin ƙasa, guga cike da ruwa yana yin sama. Sodiyam da famfo ya tara a waje yana matsa lamba ya dawo ciki, sai ƙwaya ta ce masa: shigo, amma da sharaɗin ka ɗaga mini wani abu ya fita. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan a zahiri. Wannan furotin mai musaya sunansa NHE1, sodiyam ɗaya ya shiga, furoton ɗaya ya fita. A birnin Nis na Faransa aka fara karanta ƙwayar gadonsa a 1989, a ɗakin binciken Jacques Pouysségur.

Shi furoton, wato ayon ɗin haidurojin, shi ne asalin tsami. Matan karkara sun daɗe suna aiki da wannan ilimi. Idan miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefawa. Ka ɗebi jan zoɓo a kofi ka ɗiga masa ruwan kanwa, nan take za ka ga jan ya gudu, ruwan ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi, domin kanwar ta kwashe furoton. Ma'aunin wannan shi ne pH: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa, kuma kowace lamba ɗaya ninki goma ce. Jini yana zama tsakanin 7.35 da 7.45, cikin ƙwaya kuwa wajen 7.2. Kusan duk aikin da ƙwaya za ta yi yana haifar da tsami, kuma sinadaran da ke tafiyar da aikin ba sa jure sauyi ko kaɗan. Don haka NHE1 yana da ɗan ma'auninsa ta ciki. Idan tsami ya ƙaru sai ya tashi aiki, idan aka dawo daidai sai ya lafa. Yana kuma da doguwar wutsiya da ke reto a cikin ƙwayar, kuma a jikin wutsiyar nan ne sauran sinadarai ke kama shi, su manna masa fosfet ko su ɗaura masa furotin mai ɗauke da kalsiyam, sai ya fara aiki tun tsamin bai taru ba. Wutsiyar ita ce linzami. Maganar girma kuwa maganar wanda ke riƙe da linzamin ce.

Ta yaya aka san haka, alhali ɓargo yana cikin ƙashi, kuma ƙwayoyin cikinsa a cakuɗe suke, babba da yaro? Wata cuta irin ta jikan tsohuwar nan ce ta buɗe hanya. A 1977, a cibiyar binciken kansa ta gwamnatin Amurka, Steven Collins da Robert Gallo da Robert Gallagher suka yi nasarar rainon ƙwayoyin sankarar jini da aka ɗebo daga wata mata 'yar shekara 36. Ƙwayoyin suka ci gaba da haihuwa a kwalba ba tsayawa, aka sa musu suna HL-60. Sun maƙale ne a wani mataki na ƙuruciya, suna ta yaɗuwa amma ba sa girma. A 1978 sai aka ga idan an zuba musu wani sinadari mai suna DMSO, cikin mako guda sukan daina haihuwa, cibiyarsu ta lanƙwashe, su koma kamar nutrofil. A 1980 aka ga asid ɗin retinoyik, ɗan'uwan bitamin A, shi ma yana yin haka. Wani sinadarin da ake samu a man wani tsiro kuwa, fobol, yana sa su manne a gindin kwalba su koma kamar makrofej, wato farar ƙwayar da ke haɗiye ƙwayoyin cuta ta narkar da su, bitamin D kuma ya karkata su wajen monosait. Ga ƙwaya ɗaya, gadonta ɗaya, kana iya auna ta ranar Litinin tana ɗanya, ka sake auna ta Litinin mai zuwa ta nuna. Duk bambancin da ka gani, girma ne ya kawo shi.

Abin da aka gani yana da ban sha'awa. Ɗanyar HL-60 tana da NHE1 tun farko, domin kusan kowace ƙwaya a jiki tana da shi, tana share tsamin gidanta da shi. Amma a 1987 masu bincike a Faransa suka nuna cewa yayin da asid ɗin retinoyik ke girmar da ita, cikinta yana raguwa da tsami, kuma musayar sodiyam da furoton ce ke jawo haka. A farkon shekarun 1990 aka nuna cewa ƙwayar tana ƙara karanta umarnin ƙera NHE1 daga gadonta yayin da take girma. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar ƙanshi. Bakteriya suna zubar da wasu guntayen furotin da jikinmu ke ganewa a matsayin sawun baƙo. Ka zuba wannan a kan ɗanyar HL-60, kusan ba abin da zai faru, domin ba ta riga ta dasa masu jin ƙanshin a bangonta ba. Ka zuba wa wadda ta nuna, cikin daƙiƙoƙi kalsiyam zai yi tsalle a cikinta, a ja linzamin NHE1, sodiyam ya kwararo ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta ɗan kumbura ta miƙa gaba ta nufi inda ƙanshin ya fito. Jigon dai shi ne na jiya. Jiya tsamin cikin gida kaɗai ke motsa shi, yau kuwa har labarin abokin gaba daga waje yana motsa shi.

Me ya sa nutrofil ke bukatar wannan shiri haka? Saboda irin makamin da take riƙewa. Tun 1933 aka lura cewa idan farar ƙwaya ta haɗiye bakteriya, shan oksijin ɗinta yana ninkuwa sau da yawa nan take. An ɗauka numfashi ne na ƙarin ƙarfi, ashe guba take haɗawa. A 1973 Bernard Babior ya nuna cewa tana mayar da oksijin ne ya zama wani abu mai ƙuna da ake kira sufa'oksaid. Injin da ke wannan aiki, oksides na NADPH, yana zaune a bango, yana ciro ilektoron daga cikin ƙwaya yana miƙa wa oksijin a ɗaya gefen. To, kowane ilektoron da ya fita ya tafi da caji negetif, ya kuma bar furoton a baya. Matsala biyu ke nan a lokaci ɗaya: cajin bango yana juyewa, cikin ƙwaya kuma yana yin tsami. In ba a yi wani abu ba, injin zai shaƙe kansa ya tsaya kafin ya kashe komai, kamar injin ban-ruwan da aka toshe wa salansa.

NHE1 yana rage tsamin, amma ba ya gyara caji, tunda fositif ɗaya yake fitarwa ya shigo da fositif ɗaya. Don haka ake bukatar wata ƙofa ta daban wadda furoton zai bi ya fita shi kaɗai, ya bi sawun ilektoron. Masana a Ingila sun yi hasashenta a 1987, aka yi shekaru ana auna wutar da ke bi ta cikinta, sai a 2006 ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan, suka gano ƙwayar gadonta. Sunanta Hv1, kuma cajin bango ne da tsami ke buɗe ta, wato ainihin matsalolin biyu da injin ke haifarwa. A 1994 ayarin Sergio Grinstein a Toronto ta Kanada suka nuna cewa wannan hanya ta furoton tana bunƙasa ne a HL-60 yayin da take girma, kafaɗa da kafaɗa da injin gubar. Ƙwayar ba ta karɓar bindiga sai tare da abin da zai hana ta fashe mata a hannu.

Sufa'oksaid yana juyewa ya zama haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Sannan wani sinadari, mayelofaroksides, ya haɗa shi da kuloraid, rabin gishirin miya, ya fitar da abin da ke aiki a cikin bilic ɗin wanki. Shi wannan sinadari kore ne, kuma shi ne ke ba mugunya da majinar mura launin kore-kore. Idan maruru ya nuna aka matse, abin da ke fita gawarwakin nutrofil ne da suka gama aikinsu. Wani abin lura kuma, tun a matakin ƙuruciya ƙwayar ke ƙera mayelofaroksides ta adana a jakunkuna, amma injin oksides da ƙofofinsa sai daga baya suke kammala. Ɗanyar ƙwaya tana da tukunya, ba ta da abin dafawa. Akwai ma wata cutar gado, wadda ta fi kama yara maza, inda injin oksides ɗin ne ke da naƙasu: adadin nutrofil daidai, kamanninsu a gilashi daidai, amma yaron kullum cikin maruru da ciwon huhu.

Monosait ta bi wata hanyar. Idan ta fita daga jini ta zauna a huhu ko hanta ko saifa, sai ta zama makrofej, mai haɗiye da narkarwa, mai tsawon rai. Ita tsami ne babban makaminta. Bayan ta haɗiye ƙwayar cuta ta rufe ta a jaka, sai ta jera wa jakar famfunan furoton, su yi ta ɗura tsami har pH ya sauko wajen 5 ko ƙasa, inda sinadaran narkarwa ke kama aiki. A nan ne ƙwayar tarin fuka ta nuna wayonta. An nuna cewa tana hana waɗannan famfuna taruwa a jakar da take ciki, sai pH ɗin jakar ya tsaya sama da 6, ta zauna cikin cikin maƙiyinta tana hayayyafa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa maganin tarin fuka ke ɗaukar wata shida. Daga zuriyar monosait ɗin nan kuma ake samun ƙwayar da ke cin tsohon ƙashi domin a gina sabo. Ita famfunan nata waje ta juya su, tana feso tsami a kan ƙashin.

A wurin limfosait nau'in T kuwa, har ƙirga ƙofofin an yi. Idan ta gane baƙo, sai an buɗe wa kalsiyam ƙofa ya yi ta shiga na tsawon lokaci kafin saƙon "ki hayayyafa, ki yi yaƙi" ya isa cibiya. Amma kalsiyam fositif ne, in ya taru zai hana na bayansa shigowa, sai fotasiyam ya riƙa fita ta tasa ƙofar yana ba shi wuri. Ƙofofin fotasiyam biyu ne a nan, Kv1.3 da KCa3.1. Sabuwar ƙwayar T da ba ta taɓa ganin yaƙi ba tana da Kv1.3 kamar 200 zuwa 400, da KCa3.1 'yan ƙalilan. Idan aka tashe ta, KCa3.1 ne ke ƙaruwa zuwa wajen 500. Amma tsohuwar 'yar yaƙi, wadda aka tasa sau da yawa ta koma zama a cikin tsoka da fata, Kv1.3 take tarawa har wajen 1,500. A 2003 aka wallafa wannan, kuma muhimmancinsa shi ne, irin waɗannan tsofaffin ne ke juyowa su afka wa jikin mai su a wasu cututtuka na gaɓoɓi da fata da jijiyoyi. Ana iya neman maganin da zai toshe tasu ƙofar ya ƙyale ta sabbin. Da dafin kunama aka fara gane waɗannan ƙofofi dalla-dalla, domin a cikinsa akwai ƙananan furotin da ke shiga bakinsu su toshe kamar marfin gora. Ƙofar kalsiyam ɗin ita ma a 2006 aka gano ta, ta hanyar wasu jarirai da ba ta aiki a jikinsu: ƙwayoyinsu na T suna nan da yawansu, amma ba sa amsa kira.

KCa3.1 ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, ko da ba mu san sunanta ba. Ita ce ƙofar da ke jikin jar ƙwaya, wadda George Gardos ya bayyana aikinta a Hangari a 1958. A jikin mai sikila takan buɗe fiye da kima, fotasiyam ya fita, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe ta ƙara saurin lanƙwashewa.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata a riƙe. HL-60 ƙwayar kansa ce, rainon kwalba, kuma ko ta nuna ba ta cika kamar nutrofil ɗin jini ba, wasu jakunkunan ma ba ta ƙera su sam. Wanda ya ɗauki duk abin da aka gani a jikinta ya ɗora wa ɓargon mutum kai tsaye ya yi gaggawa. Abin da ya sa na amince da jigon maganar shi ne an same shi ta hanyoyi daban-daban: a kwalba, a jinin lafiyayyu, da kuma a jikin yaran da aka haifa da ƙofa ɗaya a lalace.

Wannan ilimi yana da hannu a aikin da muke yi kullum a nan. Idan cuta ta yi tsanani, ɓargo yakan saki ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, masu cibiya kamar lauje, don a cike gurbi. Adadi zai hau a takarda, amma ƙarfin bai hau daidai da adadin ba. Jariri sabon haihuwa, musamman bakwaini, rumbunsa na nunannun nutrofil ƙarami ne, nan da nan yake ƙarewa, shi ya sa ciwon cibiya ko zazzaɓi a makon farko ba abin jira ba ne. Shi ya sa kuma nake ganin kuskure ne a dogara da lambar da inji ya buga kawai. Sai an shafa jini a gilashi, an rina, an zauna an ƙirga ƙwaya ɗari da ido, an ga su wane ne.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ɗakin yara masu tamowa, wanda ke cika tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. A 1977, a Jamaika, John Patrick da Michael Golden suka auna gishirin da ke cikin fararen ƙwayoyin yara masu tamowa, domin su ne ƙwayoyi masu cibiya da ake iya samu da allura kawai. Suka tarar sodiyam ya taru a ciki fiye da kima. Jikin da ba shi da abinci yana rage wa famfo mai, bango kuma yana yoyo. Ka tuna jigo da nauyin sodiyam na waje yake aiki. Idan tazarar ciki da waje ta ragu, ƙarfin ɗaga guga ya ragu. Ga shi kuma tamowa tana motsar da ƙullin da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ƙwayoyin T ke koyon sana'arsu. Irin wannan yaro yana iya ɗauke da cuta mai tsanani ba tare da jikinsa ya yi zafi ba, don haka ake ba su maganin kashe bakteriya tun ranar farko. Kuma saboda wannan juyewar gishiri ne aka haɗa musu ruwan gishiri da sukari nasu na daban, ReSoMal, mai sodiyam milimol 45 da fotasiyam 40 a lita, alhali na kowa da kowa yana da sodiyam 75 da fotasiyam 20, sai fa in kwalara ce ko zawo mai kwarara, a nan na kowa ake ba su. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce wa uwa kada ta sa gishiri a abincin yaro mai kumburi, ko ta hana a ba shi maganin sa fitsari don kumburin ya saɓe, maganar famfon nan take yi. Mayar da fotasiyam da maganiziyam cikin ƙwayoyinsa yana ɗaukar mako biyu ko fiye.

Sankarar jini iri-iri ce, kuma ba kowacce ke jin magani iri ɗaya ba. Amma akwai guda, wadda ƙwayoyinta ke maƙalewa a matakin da HL-60 ta yi kama da shi, da ta nuna inda wannan tunani zai iya kaiwa. A da tana cikin masu saurin kisa, saboda zubar jini. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, likita Wang Zhenyi da abokan aikinsa suka ba marasa lafiya asid ɗin retinoyik, suka wallafa sakamakon a 1988. Maganin ba kashe ƙwayoyin kansar yake yi ba, sakin su yake yi su ci gaba da girman da ya tsaya. Da aka haɗa shi da wani sinadarin asinik da likitocin Harbin suka fara gwadawa tun shekarun 1970, a yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka kama cutarsu da wuri, ba ta yi tsanani ba, suna warkewa. Mai duba gilashin irin wannan majinyaci mako-mako yana ganin abin da idonsa. Ɗanyun ƙwayoyin suna da wasu jajayen sanduna sirara a cikinsu, kamar tsinken ashana, alamar cutar ke nan. Bayan an fara magani sai cibiyoyi su fara loɓawa, su lanƙwashe, su kakkarye. Wata rana sai ya ci karo da nutrofil cikakkiya, mai cibiya gaɓa uku, da jan tsinken nan har yanzu kwance a cikinta.